Lakar Auyo a Birnin Ankara

Tun da na dawo daga Gana ba a bar ni na huta ba. A masallaci, a kasuwar kifi, har a wurin ta'aziyya sai wani ya matso ya ce, "Alhaji Jauro, wai da gaske motar wasa ka kai har Ankara?" Na gaji da maimaitawa, shi ya sa na zauna na rubuta. Ankarar da nake nufi babban birnin Gana ne, yadda iyayenmu fatake suke kiransa, ba ta Turkiyya ba.

Wanda bai san ni ba, ni tsohon falke ne. Na yi fataucin goro da fata, na kwana a Fotlami da Garwa da Jidda da Dubai da ƙasar Sin. Bayan Hausa da Fillancin gidanmu ina jin Barbarci da Faransanci da Turanci, da Yarbancin da ya ishe ni ciniki. A Dubai na fara ganin ƙananan motocin nan na ƙarfe, waɗanda ake zubawa daidai da siffar motocin zamani, sai dai an rage girmansu. Ba irin na roba da ake saya wa yara ba ne. Ƙofofinsu suna buɗewa, in ka juya sitiyari tayoyin gaba su juya, in ka ɗaga murfin gaba ka ga inji. Na sayi ɗaya don jika, amma har yau jikan bai taɓa ta ba. Yanzu suna da ɗaki guda a gidana a Haɗeja.

Ta waya na haɗu da wasu masu irin wannan sha'awa a Gana. Suna taro sau ɗaya a shekara, kowa ya kawo mota guda ya yi bayaninta. Shugabansu, wani tsohon injiniyan hanya mai suna Mista Ofori, shi ya gayyace ni.

Da na faɗa a majalisarmu ta bayan la'asar, Alhaji Bukar ne ya fara. Babarbare ne, abokin wasana tun muna samari, yana da tsohuwar a-kori-kura fara da yake ɗauko shinkafa da ita daga Auyo.

"Bafillace ya rasa shanu ya koma kiwon ƙarfe," in ji shi. "Ka je da furfurarka su yi maka dariya da Turanci."

"In suka yi mini dariya," na ce, "ranar da na dawo zan raba wa jikoki motocin nan duka, in ba Hajiya ɗakin ta zuba kayanta."

Liman yana wurin, ya ce kowa ya shaida. Maganar ta fita ke nan, ba ta komawa. Hajiya Asabe, maiɗakina, da ta ji, a daren ta fara auna ɗakin da ido.

Abin da Bukar bai sani ba, don bai taɓa yarda ya leƙa ɗakin ba, motarsa zan kai. Ina da a-kori-kura fara ƙirar Jafan, irin tasa sak, wadda aka rage sau goma sha takwas, tsawonta bai wuce taƙi ɗaya da rabi ba. Na lotsa mata ƙofar baya yadda tasa ta lotse, na ɗaure bambar gaba da zare yadda ya ɗaure tasa da igiya, Hajiya ta ɗinka mini ƙananan buhuna na cika su da tsakin shinkafa. Sannan na yi mata laka. Baƙar lakar fadamar Auyo na ɗebo, na shanya, na tankaɗe, na kwaɓa da ruwan ƙaro, don gam na kanti yana ƙyalli, laka kuwa ba ta ƙyalli. Rani guda na yi ina shafawa ina bari ta bushe ina ƙarawa.

Ranar tafiya na naɗe motar da auduga na sa a kwali. Ina shirin fita sai ga Hajiya da rabin buhun dankali, an tono shi a fadamar Auyo ko wanke shi ba a yi ba, da ƙullin bandar kifi.

"Na Hajiya Memuna ne," in ji ta.

Hajiya Memuna matar marigayi abokin fataucina ce, a gidanta zan sauka a unguwar Nima. A can aka haife ta, amma mahaifiyarta mutuniyar Auyo ce.

"Dankali har Gana? Ƙasashe huɗu fa, Hajiya."

"Kai da za ka ɗauki mota, dankali ne zai gagare ka?"

Daga Haɗeja zuwa Kano ta Gujungu kwalin yana kan cinyata. Wata mata da ke kusa da ni ta yi ta kallona, daga baya ta ce, "Baba, ƙwai ne?" Na ce kusan haka. A tashar Kano kwandastan babbar bas ta Legas ya ce kwalin sai ƙarƙashin mota tare da kaya. Na ce buhun ya shiga, kwalin kuwa inda na zauna nan zai zauna. Ya ce me ke ciki. Na ce mota. Ya dube ni, ya dubi furfurata, ya matsa mini na wuce.

Hanyar Legas na san ta tun tana da kyau. Ba zan ɓata takarda a kanta ba, sai dai in ce duk ramin da muka faɗa, ni da kwalin muka tashi tare muka sauka tare.

A kan iyakar Seme wani jami'in kwastan ya ce in buɗe. Na ɗaga audugar a hankali. Ya sunkuya ya daɗe yana kallo, sannan ya ɗago ba ko murmushi ya ce da Faransanci, "Ina takardun motar? Ina direba?" Na ce direban ya tsaya salla, takardun suna wurinsa. Ya kira abokan aikinsa, suka kewaye tebur. Ɗaya ya miƙo yatsa zai kankare lakar ya gani ko ta gaske ce, na roƙe shi da duk ladabin Faransancin da na sani. Suka bar motar. Buhun dankalin ne ya tsayar da ni. Aka zazzage rabinsa, aka mayar, aka tambaye ni ko a Gana ba a noma dankali. Wallahi na yi niyyar in bar shi nan in ce ya ɓata a hanya. Tunanin wayar da Hajiya za ta buga wa Hajiya Memuna ne ya hana ni.

Na kwana a Kwatano, a masaukin wani Bazabarme kusa da babbar kasuwa. 'Yan acaɓarsu duk riga ruwan ɗorawa suke sawa mai lamba a baya, kuma mata suna tuƙa babur da kansu, da kaya a gaba da goyo a baya, ba mai waiwayensu. Wanda ya ɗauke ni ya ɗora buhun a kan tanki, ni na rungume kwali. Da safe aka kawo mini dogon burodin nan nasu mai tauri da kofi. Mu a Haɗeja burodi in ya yi tauri mayar wa mai shayi ake yi. Su kuwa in bai yi tauri ba ba su saye. Na jiƙa nawa a kofi, don haƙoran da suka rage mini ina son su.

Togo ba ta da faɗi ta bakin teku, kafin mutum ya gyara zama ya ƙetare ta. A Aflawo, bakin Gana, harshe ya koma Turanci, tambaya kuwa ba ta sake ba. Buhu dai, buhu dai.

Hajiya Memuna ta karɓe ni kamar yadda ake karɓar ɗan'uwa. Hausarsu ta Zango, wato unguwannin Hausawan can, tana da daɗin ji, ba ruwansu da bambanta mace da namiji a magana, sai ka ji an ce "Hajiya ya zo." Ta ba ni ɗakin marigayi. Ta kawo wake da shinkafa, wanda suke dafawa da karan dafi har ya yi ja, su zuba masa taliya da gari da ƙwai da wani baƙin yaji mai kifi. Mu mai da yaji muke sa wa namu mu gode Allah. Su kwano ɗaya sai ka rantse abincin gida uku aka haɗa. Da ta buɗe buhun ta ɗauki dankali guda ta shinshina, ta ce rabonta da wannan ƙanshin tun mahaifiyarta tana da rai.

Washegari Juma'a ce, taron kuma Asabar da yamma. Da hantsi na fito da motar na ɗora a tebur na duba ta. Ko ƙwarzane babu. Na bar ta nan ta sha iska, na tafi gaida tsofaffin abokan goro, daga can muka wuce masallaci.

Da na dawo, tun daga ƙofar gida na hango wani abu fari yana walƙiya a tsakar gida, a kan faranti, cikin rana. A igiyar shanya kuwa, tsakanin zane da ɗankwali, ga ƙananan buhuna a jere, kowanne da maƙalinsa.

"Alhaji, sannu da dawowa," in ji Hajiya Memuna. "Na shiga shara na ga hanya duk ta ɓata maka ita. Ka ga har ƙarƙashi na bi da buroshi. Yaya za ka shiga cikin manyan mutane da abu haka?"

Ƙaro ba ya jure ruwa. Aikin rani guda ya bi rariya ya tafi tekun Ankara.

Na ce, "An gode, Hajiya. Allah ya saka da alheri." Me zan ce? Na ci abincinta, ina kwana a gadon mijinta. Na zauna a kujera 'yar tsuguno ina kallon motar. Fara tas, ga lotsawa a baya, ga bamba ɗaure da zare. Da laka, motar aiki ce. Ba laka kuwa, abin wasa ne da yaro ya taka.

Ta tsaya tana kallon fuskata. "Na yi ɓarna ko?"

Na yi mata bayani. Ta dafe kai ta yi salati. Ta ce in ƙasa ce ai ga ta nan cike da Nima, yanzu za ta sa a ɗebo. Na ce ƙasarsu ja ce, ta Auyo baƙa ce mai toka-toka in ta bushe, kuma ba zan tsaya gaban mutane in ce wannan lakar garinmu ce alhali ba ita ba ce. Na sake duban motar. Ina ta ganin ɗakina na Haɗeja cike da tukwanen Hajiya Asabe, da jikokina suna jan motocina da zare a ƙofar gida, da bakin Bukar.

Sai ta ce, "Dankalin nan da ka kawo, a ina aka tone shi?"

Na ɗago.

"Buhun yana madafa. Na so in kakkaɓe shi in zuba gawayi, ban samu sarari ba."

Muka shimfiɗa tabarma muka juye buhun, muka buge shi ta ciki da waje. Ita ta zauna tana kankare jikin dankalin ɗaya bayan ɗaya da bayan wuƙa. Abin da muka tara ya kusa cika gwangwanin madara. Ta tankaɗe da rariyar garinta. Ƙaro kuwa ba wuya a Zango, duk malamin da ke dafa tawada yana da shi, ta aika maƙwabta aka kawo.

Abin da na yi a rani guda ba zai yiwu a yini ɗaya ba, na san haka. Sai na bar ado na kama abin da ido ya sani. Na ja layin ruwa a jikin ƙofofi, daidai inda ruwa ke kaiwa in mota ta ratsa kwari da damina. Na tsoma tsohon buroshin haƙori ina fesawa da babban yatsa daga bayan kowace taya zuwa sama. Na shafe gilashin gaba na share rabin da'ira biyu inda magogi ke bi. Hajiya tana yi wa motar fifita da maficin wuta don ta bushe in ƙara wani shafin. Magariba ta tsayar da mu, da gari ya waye muka ci gaba. Buhunan ta cika su da ɗanyen garin rogo ta ɗinke. Har muka shiga tasi ƙarƙashin motar bai gama bushewa ba. Ta ce ƙafarta ƙafata, tunda da hannunta a ciki.

A wani zaure a saman bene ake taron. Na ga abin da ban taɓa gani ba ko a Dubai. Tun a ƙofa ake ba kowa farar safar hannu, ba a taɓa mota da fata. Da yawansu ma ba su taɓa fitar da motocinsu daga kwali ba, ta tagar leda ake leƙawa, wai in an yanke hatimin darajarta ta faɗi. Wani Balabanon mai shagon taya ya kawo jar motar tsere ƙirar Italiya, ya yi dogon bayani a kan kujerunta, alhali bai taɓa buɗe ƙofarta ba. Da farko abin ya ba ni mamaki, sai na tuna jeren kwanukan iyayenmu mata, waɗanda ake gogewa a jera har rufi ba a taɓa cin tuwo a ciki ba. Na raɗa wa Hajiya Memuna haka, ta toshe baki da mayafi.

Da aka zo kaina na ɗaga audugar. Kowa ya zuba mata ido. Sai wani saurayi mai tabarau ya tuntsire da dariya. Wani kuma, da kyakkyawar niyya, ya zaro hankici ya miƙo mini in goge ta. Hajiya Memuna ta ce da Hausa, da ƙarfi, "Kada wanda ya kuskura."

Dariyar nan ta tuna mini da alkawarin da na yi gaban Liman. Amma na riga na tsaya, sai na yi abin da ya kawo ni. Na fara da motar kanta, yadda kowa ya yi. Na ce maƙeranta sun kyauta a nauyi da siffar gaba, ƙofofinta suna rufuwa daram ba gibi, sitiyarinta yana aiki. Na ce sun gaza a wuri uku. Tayoyin sun yi siriri, ba mai shiga fadama da irinsu. Tayar safaya manne take, ba ta cirewa. Bayanta kuma in ka danna ba ya sauka, alhali duk amfanin a-kori-kura a bayanta yake. Na ga Balabanon yana gyaɗa kai.

Sannan na ce wannan ba kowace mota ba ce, ta wani mutum ce mai suna Bukar. Na nuna musu layin ruwa, na ce nan kogin Haɗeja yake kaiwa in ya cika ya hau hanya. Na nuna lotsawar, na ce bijimi ne ya tunkuye ta a kasuwar Malam Madori. Na ce shinkafar da take ɗaukowa ita muke ci, kuma lakar nan daga fadamar da aka noma ta take. Na faɗa musu yadda aka wanke ta jiya, da yadda dankali ya cece ni. Nan aka yi dariya sosai, amma wannan da ni ake yi, har Hajiya.

Mista Ofori ya taso da sandarsa. Ya sunkuya har hancinsa ya kusa taɓa ƙarfen, ya ja numfashi. Ya ce ya yi shekaru yana aikin hanya a arewacin ƙasarsu, kuma wannan ƙanshin ruwan farko ne. Ya ce yana tara motoci tun yana saurayi, bai taɓa shinshina ɗaya ba sai yau.

Al'adarsu wajen zaɓe ita ce, in an gama, kowa ya cire safar hannunsa ta dama ya ajiye gaban motar da ta fi burge shi. Wadda ta fi tara safa ita ake sawa a akwatin gilashin zauren har taron baɗi. Na ajiye tawa gaban jar motar Balabanon, don gaskiya kyakkyawa ce. Da na juyo, ban iya ganin tayoyin gaban motata ba saboda farin ƙyalle. Saurayin mai tabarau shi ne na ƙarshe. Ya ajiye tasa, ya ce, "Baba, yi haƙuri," da Hausar da bai iya ba.

Haka na baro ta a can, cikin gilashi, da ɗan kati a gabanta an rubuta Haɗeja, Najeriya. Dawowa ba kwali ba buhu, har na rasa abin da zan yi da hannuwana.

Hajiya Asabe ta riga ta ji komai ta waya. Abin da ta ce kawai shi ne, "Ashe buhun bai yi nauyi ba."

A majalisa na ba da labari yadda ya faru, har dariyar saurayin ban ɓoye ba. Bukar ya miƙe zaune.

"To ai an yi dariya. Liman, ka ji da kunnenka. A kira jikoki."

Liman ya ce a nuna hoto tukuna. Na miƙa wayata, ta zaga hannu-hannu. Liman ya duba tarin safar, ya ce wanda ya yi dariya ya dawo ya ba da haƙuri, dariyarsa ta warware, motoci suna nan a ɗakinsu. Wayar ta isa hannun Bukar. Ya nisanta ta da idonsa, ya matso da ita, ya sa yatsu biyu ya buɗe hoton. Ya daɗe a kan ƙofar baya. Ya gangaro kan bambar da zarenta.

"Wannan ai motata ce."

"Ita ce."

"A Gana? Cikin gilashi?"

"Har baɗi."

Ya waiwaya ya dubi tasa, tana tsaye a gindin darbejiya da lakar jiya a jikinta. Ya sake duban wayar.

"Ka faɗa musu sunan mai ita?"

"Na faɗa."

Ya miƙo mini wayar yana gyara hula. "Lotsawar nan ba ka yi ta daidai ba, Bafillace. Tawa ta fi zurfi. In ta dawo ka kawo ta gida in nuna maka."